Ta Yanka Mini Zane Gida Huɗu, Wai Kuma Ni Zan Ba Da Haƙuri

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, don in na bi ta zuciyata, abin da zan rubuta wa makarantar nan ba zai karantu a gaban manya ba.

Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a makarantar zane-zane, sashen zanen yadi. Mu ne masu fitar da adon da ake bugawa a jikin atamfa da labule da zanen gado. Ba da gata na zo nan ba. A aji uku na sakandare na tsaya, na koma shagon babana mai gyaran agogo ina miƙa masa sukundireba. Duk abin da na sani a littattafan gwanjo na tsince shi, irin waɗanda ake bazawa a bakin titi, wani ba bango, wani ba shafin ƙarshe. Da su na ci jarrabawar shiga makarantar nan, wadda 'ya'yan masu takalmi mai ƙyalli suka faɗi. Babana kuwa har gobe cewa yake na tafi koyon zana fulawa. Sai da yayata ta yi sati tana masa magiya kafin ya sake ni.

An ba mu aiki, kowa ya fitar da ado ɗaya da za a buga a yadi biyar. Ni na zaɓi cikin agogo, don shi na sani. Sati uku ina duƙe a kansa. 'Yan ƙafafun nan masu haƙora, da sifirin da bai fi kaurin gashi ba, da launin tagulla da sai da na haɗa fenti sau tara kafin ya fito. Idona har ruwa yake yi. Ranar Litinin aka manna aikin kowa a bango. Malamarmu, wadda muke ce wa Mai Almakashi don kullum yana hannunta, ta zo kan nawa ta tsaya. Ta ce hoto ne mai kyau, amma ba zanen yadi ba ne, domin in aka jera shi gefe da gefe bakinsa ba zai haɗu ba, za a riƙa ganin layi ɓaro-ɓaro a jikin yadin. Kafin in buɗe baki ta ciro shi, ta yanka biyu, ta sake yankawa, gida huɗu. Ta jujjuya guntayen, na dama ya koma hagu, na sama ya koma ƙasa, ta ce haka ake nemo mahaɗa, sai in cike filin da ya bayyana a tsakiya. A gaban mutum ashirin da shida fa. Wani mai zama a baya har da cewa agogo ya tsaya, aka kwashe da dariya.

Anti, na san dabarar nan tun kafin in san ƙofar makarantar. Amma littafin da na karanta cewa ya yi a kwafi zanen, a yanka kwafin. Injin fotokwafi kuwa yana ƙarshen baranda, bai fi taku ashirin ba. Na kwashe guntayena na ce mata, "Shekara ashirin kina nan, ba wanda ya taɓa ganin zanenki ko a jikin tsumma. Yanka na mutane kawai kika iya." Ta ajiye almakashin ta fita.

Yanzu shugaban sashe ya ce ko in kawo takardar ban haƙuri ranar Alhamis, ko a dakatar da ni zango guda, wato in maimaita shekara ke nan. Na tambaye shi ita wa zai sa ta ba ni haƙuri, ya ce in fita in jawo masa ƙofa.

Ba zan ɓoye miki ba, malamar ta faɗa tun satin farko a fara da mahaɗa kafin a taɓa fenti. Ban yi ba, na ga na san abin da nake yi. To shi ke nan sai a yanka wa mutum gumin sati uku kamar takardar naɗe kaya? Yayata ba ta san komai ba. Guntayen suna cikin ambulan, ko kallonsu ba na iya yi. Ni dai hannuna ba zai rubuta "na yi kuskure" a kan abin da aka yi mini ba. Ya zan yi?

Ɗan mai gyaran agogo

Amsa

Ƙanena, sannu. Ciwon nan na gaske ne, kuma ba zan ce maka malamarka ta kyauta ba. Aikin da ɗalibi ya shafe sati uku a kai ba a sa masa almakashi ba tare da an tambaye shi ba, balle a gaban jama'a. A nan gaskiyarka ce.

Amma ka duba sauran. Ta faɗi yadda za a yi, ka ji, ka ƙi. Abin da ta ce game da zanen ma ba ka musa ba, har a wasiƙarka. Ita aikinka ta yanka, kuma salatif zai haɗa shi. Kai kuwa mutuncinta ka yanka a gaban ɗalibanta, da maganar da ba ka da tabbas a kanta. Me ka sani game da shekarunta ashirin? Yadda ta ajiye almakashi ta fita ya isa ya nuna maka inda maganar ta sauka.

Ka rubuta takardar. Ba wanda ya ce ka ba da haƙuri don an yanka maka zane. A kan abin da bakinka ya faɗa za ka bayar, layi huɗu ko biyar, ba "amma" a ciki. Kafin ka kai wa shugaban sashe, ka same ta ita kaɗai a ofis ka faɗa mata da baki. In ta saurare ka, sannan ka gaya mata a natse cewa yankan ya yi maka zafi, kuma da kwafi ta yanka da ka fi fahimta. Wataƙila ta amsa, wataƙila ba ta amsa ba. Kada ka ɗora karatunka a kan wannan.

Ka kuma buɗe ambulan ɗin nan yau. Ka jera guntayen yadda ta jera su, ka liƙe ta baya, ka cike tsakiyar, ka tafi mata da shi. Littattafai sun kawo ka har nan, amma littafi ba ya tsayawa a kan aikinka ya ce maka bai yi ba. Don wannan ka shiga makaranta, ko da mai faɗar ba ta iya faɗa ba.

Yayarka kuma ta ji daga bakinka kafin Alhamis. Ita ta tsaya maka a gida, bai kamata ta tsinci labarin a waje ba.

Shekara guda ta rayuwarka ta fi layi biyar tsada, ƙanena. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka gama lafiya.