Waƙar da Sifika Ta Tona

Makarfi, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga Ummuhani, sanyin idona, ruwan randar ɗakina a tsakiyar bazara, gindin rake inda zaƙi yake taruwa! Zuwa ga farar tantabarar da ta tashi daga Makarfi ta sauka Hunkuyi ba ta yi wa mai ita sallama ba. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya tuɓe takalmi tun daga zaure ya zube gwiwa biyu. Kada ki ce na cika durƙuso. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ke kuma kin san ko kin sa takalmi mai tsini iyakarki kafaɗata. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Iya, ki ce ɗansu yana neman afuwa. Ga mazarƙwaila nan ƙulli biyu a hannun Inuwa direba, shi ne zai ba ki wannan takarda, tunda kin kashe wayarki kin ce ke da waya har abada.

Yau kwana tara ke nan, ya fitilar gidana, kwana tara cur! Washegarin bikin cikar ɗanmu shekara biyu kika miƙa shi ɗakin Inna, mahaifiyata, domin yaye kamar yadda aka tsara, kika yafa mayafi kika ce za ki je gaida Iya ki dawo da la'asar. Wace irin la'asar ce wannan da har yau ba ta yi ba? Ko ranar Hunkuyi ba ta karkata ne? Sai a bakin ƙanwata Rumaisa na ji saƙonki: wai ba za ki sake taka gidan nan ba sai na goge abin da ke cikin wayata, kuma wai ko na goge ba ki san da wane ido za ki dubi Inna ba. Tun ranar nan sau uku ina ƙona ruwan rake a kasko, ni Yahuza, da ake tasowa daga Kudan don a ga yadda nake dafa mazarƙwaila! Abokan aiki har sun fara tambaya ko idona ne yake ciwo.

Kin tuna ranar da aka haife shi? Kina gidanku goyon ciki, ina gona ina saran rake, aka bugo mini aka ce kin sauka lafiya, an sami namiji. Na haye babur da adda a hannu ban sani ba, sai da na shiga Hunkuyi na ga mutane suna darewa suna ba ni hanya. Da ƙyar gwaggonninki suka bar ni na leƙa ɗakin. Me zan gani? Wata kyakkyawa ta juya wa jariri baya tana ƙirga tsagar bango, kamar wadda aka ba ajiyar ɗan maƙwabta. Na san al'ada, ni ma ɗan ƙasar nan ne: ɗan fari ba a kallonsa a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Amma ke, tauraruwata, kin ɗauki kunyar nan kin kai ta inda ko kakanninmu ba su kai ta ba. Ranar suna aka yanka rago, liman ya raɗa masa sunan marigayi mahaifina, sai kunyar ta zama biyu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Gida ya koma kiransa Abba, ke ko Abban ma kin ƙi. Yaron nan ya ci tuwo, a ɗauke yaron nan daga rana, yaron nan ya ɓata mini tabarma. Haka muka yi ta fama.

Da ya cika shekara guda kika ce bikin ranar haihuwa bidi'ar 'yan birni ce, babu ruwanki. To, wa ya tura ni Ikara sayen kek, yana cewa wai Rumaisa ce ta matsa? Wa ya ɗinka 'yar hular nan mai zare shuɗi da na tarar a ƙarƙashin matashi, ko aljanu ne suka fara ɗinki a ɗakinmu? Mai hoto ya zo, aka zaunar da Abba a gaban kek, ya cusa hannu biyu a ciki ya shafe fuska da shi, kowa yana dariya, ke kuwa kina can bakin murhu kina hura wutar da take ci bal-bal. Bawan Allah ya gaji da jira ya ce wai ina uwar yaron, aka nuna masa ke, kika ce shi ya san ta. Hoton yana nan rataye, babu abin da ya fito naki a ciki sai gefen zane da rabin kunne. Wallahi rabin kunnen nan nake kallo kwana tara ke nan, kuma ko shi ya fi matan Makarfi kyau.

Yanzu ga laifina, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wata Alhamis da hantsi, bayan bikin nan da kamar wata uku, na dawo daga wurin matsar rake ɗaukar sifana da na manta. Gida shiru, Inna ta tafi barka, Rumaisa tana makaranta. Sai na jiyo murya ta taga, murya mai laushi kamar ruwan farko na damina a kan rufin kwano. Na leƙa. Ke ce, Ummuhani! Ke da ba ki san yaron nan ba! Kin ɗora shi a cinya, kina sumbatar tafin ƙafarsa, kina rera masa:

Lawal, Lawal, Lawalina,
Ɗan farin da ban faɗa ba,
Hancinka na Hunkuyi ne,
Ba dunƙulen Makarfi ba.
Cikin mutane ban san ka ba,
In mu biyu ne, kai ne duniya.

Na maƙale a jikin taga ina saurare. Da ina da hankali da na koma da baya na bar miki asirinki. Amma wane mai ƙishi ne zai ga rijiya ya wuce bai ɗebi na guzuri ba? Na zaro waya na naɗi muryar. Wata tara tana wurina, ina sauraronta a gona in na gaji, ban taɓa bari ko kaza ta ji ba.

Sai ranar bikin shekara biyu. Kin dai san yadda gida ya cika: gwaggonnina daga Saulawa, 'yan'uwanki daga Hunkuyi, matan maƙwabta, Inna a tsakiya kan tabarma. Na aro sifika na haɗa da wayata ana jin kiɗa. Gwaggo Mero ta ce in nuna mata hoton Abba na ranar suna. Ina lalube da yatsa mai maiƙon kek, na danna inda bai kamata ba, na kuma manta wayar tana haɗe da sifikar nan mai muryar jaki. Wayyo Allah! Kiɗa ya tsaya, muryarki ta cika gida har zaure, har bayan katanga. Na rantse da wanda raina ke hannunsa kuskure ne. Amma tunda yau ranar gaskiya ce, zan ƙara da wannan: na iya kashewa tun a layin farko, sai hannuna ya yi nauyi. Shekara biyu ana cewa matata ba ta damu da ɗanta ba, wani shaiɗanin alfahari ya ce mini bari su ji. Da aka zo kan hanci, Gwaggo Mero ta kai hannu ta shafa nata, duk dangina suka dubi juna. Ke kuwa kika saki faranti kika shige ɗaki kika sa sakata. Ban ga fuskarki ba sai washegari, ita ma a cikin mayafi.

Game da hancin, ban yi fushi ba. Na duba madubi, kina da gaskiya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Kin ce in goge, kuma na so in goge, na ɗora yatsa a kai ya fi sau goma. Ga abin da ya hana ni. Abba ya ƙi yaye, ya ƙi kowa. An dama kunu ya ture, an ba shi madara ya zubar, an kawo mazarƙwailar ubansa ya jefi akuya da ita. Yana tsayawa a ƙofar ɗakinki yana dukan ƙyaure da tafin hannu har muryarsa ta dushe. Rana ta biyu da azahar, da dabara ta ƙare mini, na kunna masa waƙar. Ummuhani, da kin ga yaron nan! Ya yi tsit, ya kama wayar da hannu biyu, ya leƙa bayanta yana neman ki, sannan ya kwantar da kai a kanta ya buɗe baki aka ba shi kunu. Tun ranar, ba ya cin komai sai da ita. Yanzu Inna da kanta take ƙwala mini kira daga ɗakinta, wai in zo in kunna masa uwarsa. In na goge, da me zan ciyar da shi?

Kuma kina tsoron idon Inna, ya zumar zuciyata? To, ji abin da idon Inna ya yi. Shekaranjiya bayan la'asar na kunna waƙar, Abba ya yi barci, na miƙa hannu zan kashe, ta ce in bari ta ƙare. Da ta ƙare ta ce in sake. Na ɗaga kai na ga hawaye yana bin kumatunta. Na ɗauka zancen hanci ne ya ɓata mata rai, na fara ba ta haƙuri, ta ce in yi mata shiru. Ta ce shekara talatin da ɗaya ta yi da Malam, mahaifina, ba ta taɓa kiran sunansa ba, don miji ne. Mu 'ya'yansa ba mu kira ba, don uba ne. Ya rasu shekara huɗu ke nan, aka mayar wa jikansa sunan, shi ma aka lulluɓe shi da Abba. Ta ce ita a gidan nan ba ta taɓa jin an kira sunan da daɗi irin haka ba, sai a bakin surukarta. Ta goge ido da gefen zane ta ce in gaya wa 'yar nan ta dawo ɗakinta, ita ba ta ji komai ba, kunnenta ya tsufa. Sannan ta ce in sake kunnawa.

Duk da haka na san kunya ba ta jin lallashi, sai an rama mata. Don haka buɗe ƙullin takardar da ke cikin ambulan ɗin nan a hankali, akwai memori a ciki. Jiya da rana cajin wayata ya ƙare, babu wuta, Abba ya tada bori. Na shiga ɗakinki na ɗauko zanenki mai ruwan goro, wanda ƙamshinki bai bar shi ba, na goya shi a bayana. Ni, Yahuza, mai gemu, wanda in an tambaye shi ɗansa a majalisa yake cewa wane yaro? Na ɗaure zane a ƙirji, na yi ta zagaya tsakar gida ina jijjiga, ina rera waƙarki da wannan murya tawa da ke korar tsuntsaye daga gona. Har sunan na kira, sunan mahaifina, da bakina, sau uku. Ni na ce wa Rumaisa ta ɗauka da wayarta, ta ɗauka tana dariya har hoton yana rawa, ta juye a memorin ta goge nata. Babu shi a ko'ina a duniya sai a hannunki.

Ga wuƙa ga nama, sarauniyata. Ki nuna wa Iya, ki nuna wa matan Hunkuyi. In kin ga dama ki aro sifikar nan ranar kasuwar Makarfi, ki kunna a gaban masu sayen mazarƙwaila, in daina fita sai da mayafi. Ni na tona ki a gaban gida ɗaya, ke ki tona ni a gaban gari guda, ba zan ce uffan ba. Amma ki zo ki yi shi daga ɗakinki. Ki dawo, ya ruwan sanyina, ki dawo! Murhu ya yi sanyi, ni na rame, akuya ma ta gaji da jifa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma kin taɓa jin harshe ya yi yaji ya koma Hunkuyi?

Na yi miki alkawari uku. Ba zan ƙara laɓewa a taga ba. In Allah ya kai mu shekara uku, babu sifika a gidan nan ko da kyauta aka ba ni. Kuma ranar da kika dawo zan miƙa miki wayar ki goge waƙar da yatsanki, domin mai rijiya a tsakar gida ba ya ajiyar ruwa a gora. A gaban mutane ki ci gaba da cewa yaron nan har ya yi gemu, ni zan taya ki. In an watse kuma zan ja Inna da Rumaisa mu fita zaure, mu bar ku ku biyu.

Inuwa zai juyo daga Hunkuyi gobe bayan azahar, na ce ya bar kujerar gaba babu kowa. Zan tsaya a tasha da yaron nan. In kin sauko, zan riƙe shi a hannu kamar kowane uba mai mutunci. In kuwa motar ta iso babu ke, wallahi a nan tashar zan ɗaura zanen in goya shi, in fara waƙar tun daga layin farko, kuma kowa a Makarfi ya san zanen wace ce.

Naki tun ranar da na fara ganin ki, naki har ranar da za a mayar wa wani jariri sunana a rasa mai kiransa,

Yahuza,
mai dunƙulen hanci, uban yaron nan.