Kujera Ɗaya a Motar Gusau

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta matasa masu yaƙi da gubar dalma, Anka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ina neman afuwa da na rubuto a fili. Sau huɗu ina ɗaga hannu a taro, sau huɗu ana miƙo mini butar shayi.

Ranka ya daɗe, ranar Alhamis za a kai rahotonmu Gusau, kuma babu sunana cikin masu tafiya. Ga kokena.

Na ɗaya. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'a. Da na shigo aka naɗa ni Jami'ar Walwala. Na duba kundin tsarinmu shafi-shafi, babu wannan muƙami. A aikace dai, zoɓo nake rabawa.

Na biyu. Gidajen ƙauyen Bagega ba a barin maza su shiga. Ni na shiga gida talatin da ɗaya, na zauna da matan da ake daka dutsen zinari a tsakar gidansu, na ga inda yara ke rarrafe. Ku kuna zaure kuna yi wa katanga lacca. A gida ɗaya, na tabbatar da idona, akuya kaɗai ke saurare, matan sun tafi bikin suna.

Na uku. Ranar da baƙi suka zo, Sakatare ya shaida musu cewa da muciya mata ke daka dutsen. Muciya ta tuƙin tuwo ce. Baƙin sun rubuta, har ɗaya ya ja layi.

Na huɗu. An ce mota ta cika: maza shida, da lasifika a kujerar gaba. Na auna lasifikar da igiya, na auna but ɗin motar. Tana shiga, har da sarari.

A Gusau za a yi tambayoyi kan tsakar gida, kuma amsarmu ce za ta sa a zo a kwashe ƙasar da gubar ta gurɓata ko a fasa. Saboda haka ina roƙo a mai da lasifika but, a ba ni kujerar, a bar ni in amsa da bakina. Inna ta riga ta ba ni izini.

Ba barazana nake yi ba, wallahi, sanarwa ce kawai: rahoton da hannu na rubuta shi, kwafi ɗaya ne, yana cikin jakata. Zan iso tasha ƙarfe bakwai saura kwata.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kai mu Gusau tare.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Jami'ar Walwala.