Mun Ɗauko Baba Daga Glencoe

Zuwa ga Yayata Dumazile,

Ina gaishe ki da kyau da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin aikin asibiti, ya raba ki da ciwon gwiwar da sanyin Leeds ke tayar miki. Mu nan lafiya lau. Matar ƙaninmu Khulekani ta kusa sauka, ƙafafunta sun kumbura har takalmin mijinta take sawa. Na san kina jiran labarin tafiyar, kuma a waya ba kya bari in kai ƙarshen zance, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san faman da muka sha da Mama. Tun da ramin kwal ya rufta da Baba ba a fito da shi ba, shekara talatin da 'yan kai, ta ƙi barin Glencoe. An rufe ramin, ma'aikata sun watse, layinmu duk ciyawa ta cinye. Bana kuma ta faɗi a tsakar gida, ta yini a ƙasa kafin maƙwabciyarta MaNdlovu ta gan ta. Na roƙe ta har da kuka ta koma Nongoma cikin dangi, inda za a kula da ita, ta ce ba za ta bar mijinta shi kaɗai a ƙarƙashin ƙasa ba. Daga baya ta kafa sharaɗi: a ɗauko ruhinsa da reshen magaryar kura kamar yadda ake yi a al'adarmu. In ya bi mu har gida, ta zauna. In ya ƙi, ta koma Glencoe ta ƙarasa kwanakinta kusa da shi.

To, wa zai riƙe reshen? Baffa Bhekumuzi, tunda shi kaɗai ya rage a 'yan'uwan Baba. Ke dai bari! Mai riƙe da reshe ba ya magana da mai rai, ba ya waiwaye, ba ya komawa baya, sai an shiga gida. Baffa kuwa mutum ne da in bai sami abokin hira ba awaki yake tarawa. Khulekani ya yi dariya har da riƙe ciki, wai kafin mu fita gari Baffa zai yar da Baba a gidan mai. Baffa ya ce, "Ɗan banza, na iya rufe baki tun kafin a ɗinka maka wando."

Ran Asabar da safe muka je bakin ramin. Ba abin da ya rage sai faffaɗan siminti da kashin awaki a kai. Mama ta ƙona ganyen turare, Baffa ya durƙusa, ya shafa reshen a simintin, ya kira Baba da sunan zuri'armu. "Mangethe, ni ne Bhekumuzi. Tashi mu tafi gida, an tashi daga aiki tun tuni." Yaya, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. A mota muka bar wa Baba kujerar tsakiya, Mama a dama, Baffa a hagu, ni a gaba kusa da Khulekani.

Ashe Baffa ya riga ya gano ba a hana shi hira da mamaci ba. Tun daga Dundee bakinsa bai huta ba. Ya gaya wa Baba wanda ya mutu da wanda ya haihu, da haƙoransa da suka zube, da yadda yanzu kowa ke yawo da waya a aljihu. Da muka zo gada ya ce, "Yaya, ga kogin Mzinyathi, za mu haye, ka riƙe da kyau." In yana son wani abu a wurinmu ma ta nan yake bi. "Yaya, ɗan nan da ka bari a ciki, tuƙi yake kamar kura ta biyo shi." Can kuma, "Yaya, in 'yarka tana da kunne, fitsari ya matse ni." Har Mama sai da ta yi dariya, tana rufe baki da gyale.

Mun wuce Vryheid, muna hawan wani tudu, sai motar ta yi tari, hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu murus. Khulekani ya buɗe gaba, ya kira makaniki, aka ce sai dai a ja ta a koma da ita Vryheid. Komawa kuwa ita ce abin da ba a yi. Muka yi tsuru-tsuru cikin rana. Sai Mama ta ce a hankali, ba ta kalli kowa ba, "Ya ƙi. Ba ya son tafiyar. Ku mayar da mu."

Na ga amsa ta zo wa Baffa har baki, ya haɗiye ta. Ya fito daga motar, ya fuskanci Nongoma, ya ce wa reshen, "Yaya, matarka ta ce ka ƙi. Ni ban yarda ba. Mota ce ta ƙi, ƙafata ba ta ƙi ba." Ya kama tafiya a gefen titi, tsoho mai hawan jini, gari kuma da sauran nisa sosai. Ni ga ni a tsaye tsakaninsu. Mama ta kafe a mota, shi kuma ba halin in kira shi, don in ya waiwayo komai ya lalace.

Ana haka sai ga wata bas ta haya a cike maƙil, kiɗa har yana girgiza gilashi. Ta wuce mu, ta wuce Baffa, sai muka ji birki. Direban ya fito, yaro ne matashi har da ɗan kunne, irin waɗanda kike cewa ba su da tarbiyya. Da ya ga reshen sai ya cire hula. Bai yi wa Baffa magana ba, wurina ya zo ya tambayi daga ina aka ɗauko mutumin. Na gaya masa. Ya koma ya leƙa cikin bas ya ce akwai wani baba da ke komawa gida daga ramin kwal, yana neman wurin zama shi da iyalinsa. Wasu samari suka sauko ba gardama, suka ce za su tsaya su taya Khulekani da mota. Sannan ya zo ya tsuguna a gaban Mama ya ce, "Mama, kujerar Baba tana jira, rana kuma tana dukansa." Daga nan ta ce in miƙo mata sandarta.

A cikin bas aka kashe kiɗa. Saura kaɗan wani ya ɓata mana komai, wani tsoho a kujerar baya da ya ɗan taɓa kwalba ya gane Baffa, ya ɗaga murya, "Kai, Bhekumuzi! Ashe kana raye?" Bakin Baffa har ya buɗe. Wata mata mai jiki ta juya ta maka wa tsohon burodin da ke hannunta a baki. "Yi mana shiru, ba ka ga yana tare da baƙo ba?" Duk gadar da muka zo, direban zai rage gudu ba wanda ya ce masa, bas ta yi tsit, Baffa ya faɗa wa Baba sunan ruwan, sannan a wuce. Ya bar hanyarsa ya bi turbar ƙauye da fasinjojinsa, ba wanda ya yi ƙorafi, sai da ya ajiye mu a ƙofar gida. Na miƙa masa kuɗin mota ya maƙe kafaɗa. Abin da ke damuna har yau, cikin ruɗewa ko sunansa ban tambaya ba. Don Allah ki riƙa sa shi a addu'a, shi da duk mutanen bas ɗin, don ni ban san yadda zan gode musu ba.

An shiga da reshen ta garken shanu, aka rataye shi a ɗakin kakanni, aka yanka akuya. Da aka ce wa Baffa ya iya magana, murya ta dishe, ruwa kawai ya iya nema. Na durƙusa na gode masa, ya kore ni wai ina tare masa iska. Khulekani ya iso washegari, motar ta gyaru.

Ki gaishe mini da maigidanki Mandlenkosi, da Sizakele da ƙaramin Lwazi. Baffa da matarsa Gwaggo Hleziphi suna gaishe ku. Mama ma tana gaisuwa. Ranar da zan dawo na same ta a kan tabarma kusa da garke tana tsintar wake, na tambaye ta ko in sa jakarta a mota. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce in na biya ta Glencoe in ba MaNdlovu kajinta, in cire labule, in kulle ƙofa. Ke kuma ta ce in gaya miki ki daina aika wasiƙa Glencoe, babu kowa a can yanzu.

Ƙanwarki mai kewarki,
Gcinile