Kukan Lamba Bakwai

Tegal, watan Yuli

Zuwa ga 'yata Wartini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Yaya aiki, yaya haƙuri da abincinsu marar yaji? Mu nan sai godiyar Allah.

Kin ce in daina ɓoye miki halin da Innarki take ciki, to ba zan ɓoye ba. Ta daina tashi. Likita ya ce mu mayar da ita gida mu ba ta duk abin da ranta yake so, ke ma kin san abin da yake nufi. Shayi kawai take kurɓa. Bakin nan nata dai yana nan daram. Jiya Kasmuri, tsohon mai hura min wuta a jirgin ƙasa, ya zo dubiya, ta ce masa, "Kai har yanzu kana nan? Lallai mutuwa ma ƙyamar warin hayaƙinka take." Ya ce, "Ke nake jira ki yi gaba ki share mana wuri." Suka yi ta dariya, ni kuwa na fita waje.

Na tambaye ta abin da take so. Ta ce ta sake jin Lamba Bakwai, tsohon kan jirgin da nake tuƙawa, ta wuce ta bayan gidanmu, ni a ciki, ina busa mata usur yadda na saba, dogo ɗaya da gajeru biyu. Kin dai san tun da manyan motoci suka karɓe jigilar rake, Lamba Bakwai tana kwance a rumfa, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta.

Sai ga saƙo daga manajan masana'antar sukari. Turawan nan masu bin tsofaffin jirage da kyamara za su zo wata mai zuwa. Sun biya a hura wa Lamba Bakwai wuta na yini guda, daga nan masu yankan ƙarfe su ɗauke ta. Hanyar da aka tsara za ta haye gadar kogi ta ƙare a ƙauyenmu. Ki taya mu addu'a Allah ya kai Innarki ranar.

Ƙanwarta Ratmi ce ke kwana da ita, tana gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Mahaifinki,
Tarmudi

Tegal, watan Agusta

'Yata Wartini,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Maganin shafawar da kika aiko ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Ni da Kasmuri mun tare a rumfa. Mun kori kaji, mun toshe inda tukunyar ruwan jirgin take yoyo, mun goge usur har yana ɗaukar ido. Kasmuri ya wanke wa Lamba Bakwai gaba da ruwan furanni, muka ci shinkafar sadaka a gefenta kamar yadda ake yi a farkon kakar rake. Abin da ke damuna shi ne makamashi. Busasshiyar tuƙar rake ce abincinta, tuƙar kuwa nan da nan take ƙonewa kamar takarda, kuma abin da aka ba mu iyakar zuwa da dawowa ne. Na roƙi ƙari, aka ce za a duba. Na san wannan dubawar, da ita na tsufa.

Innarki ta sa an jawo gadonta jikin taga. Ta rame ƙwarai, amma kullum sai ta tambaye ni ko hannuna bai manta igiyar usur ba. Tsoro nake ji, Wartini, ba na jirgin ba.

Ki gaishe da abokan aikinki.

Mahaifinki,
Tarmudi

Tegal, watan Satumba

'Yata Wartini,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Innarki, ya haskaka kabarinta. Kada ki ci gaba da zargin kanki don ba ki zo jana'iza ba, ita ce ta hana a taso ki. Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Turawan mun tashi da hantsi. Lamba Bakwai ta fito tana huci kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Mutanen kirki ne, yawancinsu tsofaffi, wuyansu ya yi ja da rana. Wani ya rungume ni yana hawaye, aka fassara min cewa ubansa ma mai hura wuta ne a ƙasarsu.

Amma kin san yadda suke tafiya. Duk inda suka ga wuri mai kyau sai a tsaya su sauka su jeru, mu koma da baya, mu taho da gudu da hayaƙi su ɗauka. A gada kuwa babban dutsen nan da ake hangowa daga nesa ya fito sarai babu gajimare, sai suka haukace. Jagoransu, wani mai jar hula, ya ɗaga yatsa yana murmushi, wai a sake. Muka sake. Ya kuma ɗagawa.

Kasmuri ya dubi tarin tuƙar ya ce, "Tarmudi, faɗa musu mana. Ka ce matarka na jira." Na ce, "Baƙi ne, sun zo daga nesa. Yaya za a yi in ɗora musu ciwon gidana?" Ya ce, "Kai dai wannan kunyar taka ita za ta kashe ka." Na sunkuyar da kai na yi wa mai jar hula murmushi, na ja jirgi baya. Haka aka rene mu, ba a ce wa baƙo a'a. Na tabbata da na yi magana da sun yarda, wannan ne yake cina.

Bayan la'asar muka bar gada, wuta ta riga ta yi rauni. Kasmuri ya jefa katakon da muke zama a kai, ya jefa busasshen ganyen rake, har da kwandon abincinmu. A tsakiyar gonaki ta tsaya, ina hango bishiyoyin kwakwar ƙauyenmu can nesa. Na ja igiyar usur da dukan ƙarfina. Wani ɗan huci ya fito, ko akuyar da ke gefen layin dogo ba ta ɗaga kai ba. Jirgin dizal ne ya zo ya ja mu da baya zuwa rumfa, Turawa na tafa mana.

Na isa gida ana kiran magariba, na tsaya a ƙofa na kasa shiga. Sai na ji muryarta, "Baban Wartini, shigo mana, ko biyan kuɗin ƙofa ake?" Na zauna a bakin gado. Ta kama hannuna, baƙi ƙirin da mai, ta ce, "Na ji ka. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Hannun nan bai tsufa ba." Na zaci zafin ciwo ne ya jiyar da ita abin da babu, sai na ce mata, "Ni ne."

Bayan sadakar bakwai Ratmi ta ba ni labari. Ta ce tun safe Innarki ta hana kowa magana a ɗakin. Da rana ta yi sanyi ta tambaya ko jirgin ya wuce ne kunnenta bai ji ba, Ratmi ta ce bai wuce ba. Sai Innarki ta ce, "In ya dawo kada ki ce komai. Ki dafa masa ruwan wanka, zai zo a gajiye."

Ki yi mata addu'a, ni ma ki sa ni a ciki. Allah ya tsare min ke har ki dawo.

Mahaifinki,
Tarmudi