Na Daina Cin Farce, Dogo

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, Dogona sarkin tsokana,

Ina rubuta maka wannan a kan kujerar roba da ke gefen gadonka, don idan ka farka ka karanta da idonka, ka san ba cika baki nake yi ba: na daina cin farce.

Ka tuna yaƙin da ka sha yi da ni? Wace dabara ce ba ka gwada ba? Ka sayo mini abin yanke farce, ka naɗe mini yatsu da filasta, har ranar da ka shafa mini barkono a yatsu ina barcin rana, na tashi na murza ido. Wayyo! Ni ina ihu, kai kana hura mini ido, kana dariya, kana ba ni haƙuri, duk a lokaci guda. Washegari na koma halina. Ka ce ashe ɓera ka aura, na ce ai da idonka ka gani ka ɗauko.

To ga shi, masoyina. Tun ranar da ka faɗo daga saman ginin da kake yi wa rufi, aka kawo ka ɗakin nan ba motsi ba magana, farcena bai sake zuwa bakina ba. Ba ƙoƙari na yi ba. A da fargaba ce ke sa ni ci, yanzu ko fargabar ba na ji. Ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Innarka tana kuka, ni ina miƙa mata ruwa kamar wata baƙuwa. Ina zuciyar nan da ke tsalle idan ta ji takunka a ƙofa? Ta ƙafe kamar rijiya da rani, faratan kuwa sai tsawo suke yi abinsu.

Jiya ina juya ka don kada bayanka ya yi gyambo, farcena ya karce ka a kafaɗa har jini ya tsatso. Nas ta yi mini faɗa: "Haba baiwar Allah, ai waɗannan ba faratan jinya ba ne, ki yanke su yau!" Ni kuwa fuskarka nake kallo. Ka yamutsa goshi, Dogo. Ka ji zafi! Na gaya wa likita, ya ce mu jira mu gani, ya wuce gado na gaba.

Ga alkawarina, ya rabin raina. Zan yanke su kamar yadda ta ce, ban da guda ɗaya, wanda ya karce ka. Shi ba zan yanke ba, ba zan ci ba. Kullum zan danna shi a tafin hannunka har ka fizge, ko ka buɗe baki ka ce in bari. Ka yafe mini zafin. Tun da muka zo, shi kaɗai ne ka amsa.

Taka, ko ka tashi yau ko ka daɗe, har numfashina na ƙarshe,
Matarka