Rijiyar Baba Ta Fara Warin Mai

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Tudun Wada da sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Rijiyar da marigayi Baba ya haƙa ta fara warin mai. Tun farkon damina nake ganin maiƙo a saman guga. Na kai ruwan jami'a, wata malama mai nazarin ƙasa ta biyo ni gida. Ita da ma'aikatanta suka huda ƙasa a bayan katanga, ta nuna mini: jar ƙasa a sama, sai marmara, sai yashi mai laima. Ta ce cikin yashin nan ruwa ke tafiya a hankali, daga tudu zuwa gangare, kuma baƙin man tsohon garejin samanmu ne ya biyo shi.

Na ce, "Ai sun daɗe da tashi."

Ta ce, "Man bai tashi ba, Hajiya. Bai ma gama isowa ba."

Na hana yara sha, na sanar da maƙwabta na gangare. Inna ce ta ƙi. Jiya na tarar da ita tana jan ruwan alwala, ta ce da hannunsa mijinta ya haƙa, ba mai rufe mata.

Yaya, kai kaɗai take jin maganarka. Don Allah ka kira ta, na kasa sa murfin tana kallona. Ku sa mu a addu'a. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hadiza