Maganin da Basma Ba Ta Ƙi Ba

Umdurman, Rajab 1418

Baban Adam,

Kafin gaisuwa ka ji wannan: kada ka ƙara ba wani matafiyi kwalin magani ya kawo gidan nan. Ko na ciwon kai ne, ka bar shi can Jidda.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya abokan zamanka. Adam yana gaishe ka. Mahaifiyarka Iya tana nan ƙalau, ban da gwiwa. 'Yarmu Basma ce ba lafiya, kuma daga bakin gadonta na asibiti nake rubuto maka.

Ba ka manta ba, tun tana ƙarama da ta sha wani maganin tari fatarta ta yi ruɗu-ruɗu, likita ya ce hasasiyya ce, jikinta ba ya karɓar duk maganin da ke da salfa. Na faɗa maka, na faɗa wa Iya, ita kuwa Basma na sa ta haddace sunan kamar karatun allo.

Kwalin da ka aiko da nufin alheri, Iya ta juye shi a gwangwanin madara. Tunda magani ya yi wuya a gari ta zama likitar unguwarmu ta Hajj Yusuf. Maƙwabciyarmu Sittana ta leƙo ta ƙofar katanga ta ce kanta na sarawa, a miƙa mata fari. Wata ta aiko cewa ɗanta na gudawa, a ba ta mai ruwan ɗorawa. Iya ba ta karatu, da launi take aiki.

Na tafi zaman makoki unguwar Aljirif. A bayana zazzaɓi ya kama Basma, Iya ta ba ta ƙwayoyin nan uku na zazzaɓin sauro da ake haɗiyewa gaba ɗaya. Na dawo na tarar leɓɓanta sun kumbura, idanu jajur, ƙuraje sun rufe ƙirji. Iya ta ce ƙyanda ce, a shafa man riɗi. Na tono fankon kwalin a shara, na karanta ƙananan rubutun da ɗan Turancin sakandare da ya rage min, sai ga salfa. Motoci duk suna layin mai, a tsaye cikin hafla, bas ɗin haya, na riƙe ta har muka haye gada zuwa asibiti.

Yanzu bakinta duk gyambo ne, da cokali nake ɗiga mata ruwa. Likita ta ce da mun biye wa man riɗi, da wani zance ake yi. Na gaji, Baban Adam. Ka yi mata addu'a a Harami.

Matarka,
Huseina

Hajj Yusuf, Sha'aban 1418

Baban Adam,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso. An sallamo Basma, alhamdu lillahi. Fatar bayanta na saɓa, haske na damun idonta, amma tana cin kunu.

Ka rubuto cewa in bi Iya a hankali, kada in karɓe mata gwangwani a ce na wulaƙanta ta. Ban ɗaga mata murya ba, kuma ba zan ɗaga ba. Ita ma ta rame. Ta ce ko ta tattara ta koma wurin ƙanwarka a Jabal Awliya, tunda hannunta ya zama guba. Na ce mata babu inda za ta, nan ne gidanta.

Ka sani, sunan da ke bisa kwali ba shi ne abin dubawa ba. Likita ta ce na Jidda daban, na Masar daban, abin da ke ciki ɗaya. Salfa tana cikin wasu ƙwayoyin ciwon ƙirji da na fitsari, tana cikin wani farin man ƙuna, har da wasu magungunan ɗigawa a ido. Ni da na yi makaranta sai da na ƙura ido. Ina ga Iya?

Amma ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Da Basma ta fara iya magana na tambaye ta ko ta manta da gargaɗina. Ta ce ba ta manta ba. Ta ga ƙwayoyi uku a tafin Iya, ta tuna da shi. Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Umma, ke kika ce ba a mayar da hannun babba."

Haka na ce, kuma ban janye ba. A haka aka rene ni, a haka na rene su, shi ya sa duk layin nan ba a taɓa kawo min ƙarar rashin kunyarsu ba. Sai dai ladabin da zai kai yarinya kabari ba shi Allah ya umarta ba. Ba kullum nake gida ba. Gobe Basma na gidan biki, jibi makaranta, wata rana gidan miji, kuma ko'ina akwai dattijuwa mai tausayi da ƙwaya a ƙullin mayafi.

Don haka bayan la'asar na tara su a tsakar gida, na kira Sittana ta zama shaida. Na roƙi Iya ta miƙa wa Basma ƙwaya. Na sa Basma ta durƙusa ta ce, "Iya, ki gafarce ni, ina da hasasiyyar salfa, ba zan sha ba." Na sa ta maimaita. Iya ta daɗe da hannu a miƙe, sannan ta dunƙule shi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ga dokar gidan nan daga yau, kai ma ta hau kanka ranar da ka zo hutu. Babu maganin da zai shiga bakin Basma sai likita ko mai kantin magani ya ji kalmar salfa daga bakinmu, ya duba ya ce babu. In ƙuraje suka fito bayan magani, asibiti za a nufa, ba kwalbar mai ba. Abinci, aike, faɗa, duk abin da babba ya miƙo yaran nan za su karɓa da hannu biyu. Magani kaɗai Basma za ta ƙi, ko daga hannun Iya, ko naka, ko nawa.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Huseina